Baƙo da Tukunyar Gari: Kimiyyar Zaɓen Wurin Cin Abinci a Sabon Birni

Gabatarwa

A farkon kowace shekarar karatu, dubban samari da 'yan mata sukan bar garuruwan iyayensu su nufi manyan makarantu a birane irin su Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, ko kuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Haka nan malamai da sauran ma'aikata sukan sami takardar canjin wurin aiki, masu yi wa ƙasa hidima kuma a tura su jihohin da ba su taɓa takawa ba. Duk wanda ya sauka a tashar mota da jakarsa a hannu, kafin ya gama neman masauki yunwa ta riga ta yi masa sallama. Wanda ya tashi bai san tuwon kowa ba sai na mahaifiyarsa, yau ga shi tsaye a bakin titi yana duban rumfuna goma, kowace da tukwanenta da ƙamshinta, bai san wadda zai shiga ba.

Tambayar da ke ransa ita ce, ina ne abinci ya fi daɗi da araha? Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi, wato ina ne mutum zai ci ya kwana lafiya? A wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo a kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, kuma 420,000 daga cikinsu suke rasa rayukansu. A yankin Afirka kaɗai, ƙiyasin ya kai mutum miliyan 91 masu kamuwa, da mutuwar 137,000. Ga ɗalibi kuwa, ko ciwon bai kai ga rai ba, zazzaɓin taifot guda ɗaya ya isa ya raba shi da jarrabawar zango. Saboda haka zaɓen gidan abinci ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma kimiyya tana da abin cewa a kai.

Abin da hanci ya sani, da abin da ya ɓuya masa

Yawancin mutane da hanci suke zaɓen abinci, kuma suna da hujja. Harshe ɗanɗano biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, sai na biyar, wato garɗin nan irin na romon nama, wanda wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Japan, Kikunae Ikeda, ya gano asalinsa a 1908. Sauran abin da ake kira daɗin abinci, mafi yawansa ƙamshi ne da yake hawa daga bayan baki zuwa hanci. Wannan ne ya sa mai mura yakan ce miya ta yi lami, alhali kuwa miyar lafiyarta ƙalau.

Sai dai hanci alƙali ne na daɗi kawai, ba shi da hurumi a shari'ar lafiya. Daddawa ta isa misali. Ana yin ta ne ta hanyar dafa kalwa a rufe ta kwanaki, har wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani su narkar da ita, su fitar da sinadarin nan da Ikeda ya gano. Warinta yana iya korar wanda bai saba ba, amma a cikin miya ba ta da wata illa. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙwayoyin da suke haddasa taifot da kwalara da gudawa ba su sauya launin abinci, ba su sauya ƙamshinsa ko ɗanɗanonsa. Shinkafa tana iya kasancewa fara tas, tana ƙamshin man gyaɗa da albasa, alhali tana ɗauke da abin da zai kwantar da ƙato. Ƙwayoyin da suke sa abinci ya yi yami ko wari daban ne da waɗanda suke sa ciwo, kuma na biyun sukan kai yawan da zai cutar tun kafin na farkon su ba da sanarwa.

Tun da hanci ba zai wadatar ba, sai baƙo ya nemi wasu alamu. Alamun nan huɗu ne: zafi da lokaci da ruwa da hannu.

Lissafin tukunya

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya, wadda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Wani ɗan kasuwar tufafi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin irinta a shekarun 1670 da madubin da ya ƙera da hannunsa. Hanyar haihuwarta ita ce rabuwa biyu. Idan ta sami abinci mai danshi da ɗumin da take so, wata irin takan rabu a kowane minti 20.

Mai karatu yana iya ɗaukar alƙalami ya bi lissafin. Ƙwaya guda da ta faɗa cikin shinkafa da ƙarfe 11 na safe, zuwa ƙarfe 1 na rana ta zama 64. Zuwa ƙarfe 3 ta zama 4,096. Zuwa ƙarfe 6 na yamma, wato bayan awa bakwai, ta zama 2,097,152. Wannan lissafi ne na ƙwaya ɗaya tak a yanayin da ya fi dacewa da ita, alhali yatsa ɗaya mara tsabta yakan zuba dubbai a lokaci guda.

Yanayin da ya dace da ita shi ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma mafi yawan masu cutar da ɗan Adam sun fi sakewa a kusa da digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40, roba mai murfi da aka ajiye a rumfa ta zama tamkar ɗakin renon ƙwayoyin cuta. Dafuwar da ta kai digiri 70 har cikin tsakiyar abinci tana kashe kusan dukkansu, sanyin firij kuma yana daƙile haihuwarsu. Shi ya sa a cikin ƙa'idoji biyar na kiyaye abinci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001, aka ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba kan wuta ba, ba cikin firij ba.

Wani zai ce ai sai a ɗumama. Ɗumame mai kyau, wanda abinci ya tafasa har ciki, yana maganin ƙwayoyi da yawa, amma ba duka ba. Akwai wata ƙwaya mai suna Basilus da take zaune a ƙasa, kuma takan biyo ɗanyar shinkafa. Idan ta ji wuta sai ta shige cikin wani ƙwanso mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Da shinkafa ta huce sai ta fito ta hayayyafa, ta zubar da wani dafi wanda shi ma wuta ba ta kashe shi. Wanda ya ci yakan fara amai cikin awa ɗaya zuwa shida. Haka ita ma Istafilokokus, wadda take zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu lafiya, dafinta yana jure zafi. Abin nufi shi ne, abincin da ya daɗe a ajiye, ɗumame ba lallai ne ya wanke shi ba.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa rumfar da take cike da jama'a, inda tukunya ba ta awa guda ba ta ƙare an ɗora wata ba, sau da yawa ta fi aminci a kan ƙayataccen gidan abinci mai labule da fanka wanda ba kowa a ciki, inda miyar safe take jiran mai saye har dare.

Darasi daga famfon Landan da kicin ɗin New York

A ƙarshen watan Agusta na 1854, annobar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 600. A wancan zamani likitoci sun ɗauka cewa gurɓatacciyar iska ce take yaɗa cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya tarar mafi yawansu daga famfo guda ne da ke titin Broad. Ya shawo kan hukumar unguwa aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa wata masai ce da ke kusa take tsiyaya cikin rijiyar. Abin lura a labarin shi ne, ruwan wannan famfo ya yi suna wajen daɗi. Har akwai wata tsohuwa da ta ƙaura zuwa Hampstead, nesa da unguwar, amma kullum sai an kai mata kwalbar ruwan saboda ta fi son ɗanɗanonsa. Ita ma cutar ta kashe ta.

Kwalara ba tsohon labari ba ce. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin arewa ne suka fi jin jiki. Don haka tambayar farko da ta kamaci baƙo a kowane gidan abinci ita ce ta ruwa: wanda ake sha, da wanda ake wanke kwanuka da ganye da shi, da wanda aka daskarar ya zama ƙanƙarar zoɓo da kunun aya. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi.

Darasi na biyu na hannu ne. A farkon ƙarni na 20, wata mai girki 'yar asalin ƙasar Ailan, Mary Mallon, ta yi aiki a gidajen attajirai a New York ta Amurka. Kusan duk gidan da ta shiga sai taifot ya biyo baya, ita kuwa ko ciwon kai ba ta yi. A 1907 wani mai binciken tsabtar muhalli, George Soper, ya bi sawunta ya gano cewa daga cikin gidaje takwas da ta yi wa aiki, bakwai an yi cutar. Gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar a jikinta. Hukuma ta tsare ta a wani tsibiri, aka sake ta a 1910, ta koma girki, aka sake tsare ta a 1915 har rasuwarta a 1938. Yau an san cewa mutum biyu zuwa biyar cikin ɗari na waɗanda suka yi taifot sukan ci gaba da ɗaukar ƙwayar a matsarmama, tana fita a bayan gida, ba tare da sun sani ba. Gidajen da Mary ta yi wa girki na masu hali ne, da kwanuka masu ƙyalli. Tsadar wuri ba ta tsare kowa daga hannun da ba a wanke da sabulu ba.

Canjin ruwa

Idan baƙo ya kwanta da ciwon ciki a makon farko, akan ce canjin ruwa ne, ko kuma ruwan garin bai karɓe shi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Akwai ƙwayoyin hanji iri-iri, musamman dangin Ikolai masu sa gudawa, kuma nau'in da ya yi yawa a wannan gari ba lallai ne shi ne a wancan ba. Ɗan gari ya sha haɗuwa da na garinsu tun yana yaro, garkuwar jikinsa ta san su. Baƙo kuwa sabon shiga ne. Ga kuma sauyin cima, domin wanda ya saba da tuwon dawa da miyar kuka, idan ya koma cin mai da yaji sau uku a rana, hanjinsa zai yi ƙorafi. Wannan ne ya sa kalmar "ai kullum nan muke ci" gaskiya ce a bakin ɗan gari, amma ba ta zama lamuni ga baƙo ba.

Akwai kuma wani abu da yake rikita mutane wajen gane inda suka ɗauko ciwo. Kowace cuta tana da tsawon lokacin da takan yi a ɓoye kafin ta bayyana. Dafin Istafilokokus yakan nuna kansa cikin 'yan awoyi. Salmonela, wadda aka fi samu a ƙwai da naman kaza da ba su dahu ba, takan ɗauki awa shida zuwa kwana shida. Kwalara daga 'yan awoyi zuwa kwana biyar. Taifot yakan yi mako ɗaya zuwa uku, shawarar da ake ɗauka ta abinci da ruwa kuma mako biyu zuwa bakwai. Mara lafiya yakan ɗora laifi a kan abin da ya ci jiya da dare, alhali mai laifin na gaske zoɓon da ya sha makonni biyu da suka wuce ne. Ta haka akan ɓata sunan mai tuwo mai tsabta, a ci gaba da cinikin wanda ya yi ɓarnar.

Da ɗan gari akan ci gari

Duk da haka, matambayi ba ya ɓata, kuma ko a cikin halittu haka abin yake. Masanin dabbobi ɗan ƙasar Austiriya, Karl von Frisch, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973, ya nuna cewa ƙudan zuma idan ya gano furanni yakan komo amya ya yi wata irin rawa da take nuna wa 'yan'uwansa shiyya da nisan wurin. Masu binciken da suka biyo bayansa sun tarar cewa wurin da ya fi albarka, rawarsa ta fi daɗewa, don haka ya fi jan jama'a. Amma ko da an sami wuri mai kyau, amya ba ta daina tura 'yan leƙen asiri zuwa sababbin wurare ba.

Baƙo yana iya koyi da zuma. Sai dai ya kamata ya san wanda zai tambaya. Mai gadin makaranta, da direban da ya shekara goma yana bin hanya ɗaya, da tela ko makanikin unguwa, da ɗaliban ajin ƙarshe, su ne suka daɗe suna gwaji da cikinsu. Idan ya durƙusa ya ce wa dattijon bakin ƙofa, "Baba, don Allah ina kuke sayen tuwon rana?", amsar za ta fi ta allon talla amfani. In ya tambayi mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, to, ya sami abin kamawa.

Sannan ya lura da irin jama'ar da suka cika wurin. Mai abincin da take ciyar da 'yan unguwa, waɗanda gobe ma za su dawo, kuma sun san gidanta, sunanta ne jarinta, don haka dole ta kiyaye. Wanda kuwa cinikinsa na matafiya ne da ba za su sake biyowa ba, idan ciwo ya tashi suna can wata jiha, ba mai komowa ya yi masa magana. Wannan bai nuna cewa duk abincin tasha abin gudu ba ne. A tashar ma, inda direbobi da 'yan kamasho suke zama su ci, ya fi inda ake miƙa wa fasinja ta taga.

Abin dubawa a bakin rumfa

Bayan tambaya sai gani, domin gani ya kori ji. Abincin da aka kwashe daga wuta a gaban mai saye shi ne kan gaba wajen aminci. Ƙosai da waina da ɗanwake da tuwo mai tururi da shayi mai tafasa duk suna cikin wannan sahu, domin man suya kan haura digiri 160, ruwa kuma yana tafasa a wajen digiri 100. Tsire da balangu ma haka ne idan an mayar da su kan garwashi sun yi zafi har ciki. Haɗarinsu yakan zo ne daga ɗanyen kabeji da tumatir da albasa da ake yankawa a kai, musamman in da wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama ne.

Tsamin koko da nono yana fitowa ne daga wasu ƙwayoyi masu amfani, kuma yana takura wa masu cutarwa, kamar yadda bushewa da gishiri suke tsare kilishi. Amma tsami ba ya wanke madarar da ba a tafasa ba, ko ruwan da aka dama fura da shi. Latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye, da kankana ko gwanda da aka yanka aka bari a buɗe, su ne suka fi cancantar taka-tsantsan, domin ba su bi ta wuta ba, kuma wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa. Lemo ko ayaba da mutum ya ɓare da hannunsa sun fi. Ruwan leda kuwa, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna, a kuma wanke bayan ledar kafin a sa baki.

Sai hannun mai zubawa. Da cokali take ɗiba ko da yatsu? Hannun da yake karɓar kuɗi shi ne yake taɓa nama? Akwai sabulu da buta, ko kuwa kwano ɗaya ne kowa yake tsoma hannu a ciki? Ruwan wanke-wanke ana sauya shi, ko tun safe shi ne? Tukwane a rufe suke? Yaya nisan rumfar da kwata ko juji, inda ƙudaje suke tasowa? Duk wannan ba ya ɗaukar minti biyu, kuma shi ne aikin da duba-gari suke yi tun zamanin da. Wanda ya sami wuri biyu ko uku da suka ci wannan jarrabawa, ya riƙe su, ya riƙa gaisawa da masu su, sannan lokaci-lokaci ya gwada wani sabo da rana tsaka, sa'ad da tukunya take kan wuta.

Idan an yi rashin sa'a

Abin da yake kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari, ko dai na ƙunshi da ake sayarwa a kantin magani, ko kuma a haɗa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa a kai a kai. Idan gudawa ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko amai ya hana shan ruwa, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, sai asibiti ba tare da jinkiri ba. Sayen ƙwayoyin kashe bakteriya barkatai ba tare da gwaji ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma tuni aka sami nau'in taifot da magunguna da dama ba su jin sa.

Kammalawa

Malaman kimiyya suna iya nuna wa ɗalibai wannan darasi da yankan burodi uku. Na farko a sa shi cikin leda da cokali mai tsabta, na biyu a shafa shi da hannun da aka wanke da sabulu, na uku a zagaya da shi hannuwan 'yan aji bayan an dawo daga tara. A ɗaure ledojin, a rubuta suna, a ajiye mako ɗaya ko biyu, a riƙa dubawa ba tare da an buɗe ba. Abin da zai tsiro a kai fumfuna ce, amma ta isa ta nuna cewa hannun da ido ya gani fes yana ɗauke da rai.

Yawancin waɗannan ɗalibai nan da 'yan shekaru su ne za su sauka a tashar wani birni da jaka a hannu. Wanda ya tafi da sanin zafi da lokaci da ruwa da hannu zai ci gurasar Kano da masar Bauchi da kilishin Nijar hankalinsa kwance, ya kuma shiga ɗakin jarrabawa da ƙafarsa. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.